Mai Bugun Ranar Litinin

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a filin golf da ke bayan gari, kuma har ya bar aikin bai taɓa buga ƙwallo ko sau ɗaya ba. Bahago ake ce masa, don da hagu yake komai in ban da cin abinci, shi ma sai da kakarmu ta sha fama kafin ya koma dama. Leburanci ne ya fara kai shi filin, lokacin da ake haƙa magudanar ruwa. Aka gama haƙa, aka sallami kowa, shi kuwa ya tsaya yana mayar da ciyawar da aka ɗaye, yana dannawa da tafin ƙafa, ba wanda ya sa shi. Manajan wancan lokacin ya hango shi daga cikin mota, ya ce gobe ya dawo.

Ga wanda bai san wasan ba: ramuka goma sha takwas ne warwatse a fili, kowanne da tutarsa, ana bugo 'yar farar ƙwallo da sanda daga nesa har ta faɗa. Kowane rami yana da dandamalin ciyawa inda ake bugun farko, kuma a nan kaɗai aka yarda mutum ya kafa ɗan tsinken katako mai kai kamar ƙoƙo ya ɗora ƙwallon a kai. Masu wasa suna ce masa ti, ma'aikata kuwa tsinke suke cewa. A dogayen ramuka ba gardama, kowa yana kafawa. Gajerun ramuka, waɗanda bugu ɗaya ke kai ƙwallo gindin tuta, da sanda mai kan ƙarfe ake buga su, kuma ƙarfen yana saran ƙasa. Dandamalan gajerun ramukan nan guda huɗu su aka damƙa wa Kawu.

Kullum da safe yana fita da bokitin yashi gauraye da irin ciyawa, da ɗan cebur wanda bakinsa ya cinye ta gefen hagu. Duk inda ƙarfe ya sara, zai durƙusa ya cike, ya shafa da bayan cebur. Karyayyun tsinkaye kuma sai ya tsince ya zuba a aljihu. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta sha mita a kan wannan.

"Malam, aljihu nawa zan ɗinke a shekara? Da ƙusa kake tara mana, da tuni mun sake rufin ɗaki."

Sai ya yi murmushi ya juye mata su a gindin murhu, ta hura wuta da su.

Ya san saran kowa kamar yadda malami ke sanin rubutun ɗalibansa. Zai dubi tabo ya ce wannan na wane ne, yau da fushi ya fito daga gida. Zai dubi wani ya ce wannan baƙo ne, kuma bayansa na ciwo.

A cikin masu wasa akwai aminai biyu, Likita da Injiniya, waɗanda suka yi shekaru suna gardama ɗaya a rami na bakwai, gajeren ramin da ake bugawa ta kan tafki. Likita yakan kafa tsinke ya danna shi har ƙasa, kansa kawai ya leƙo kamar kan ƙusa a jikin benci. Hujjarsa ita ce ta haka ko silin ciyawa ba zai shiga tsakanin ƙarfe da ƙwallo ba. Injiniya kuwa jefar da ƙwallon yake yi, ya tura ta da sanda zuwa kan wani ɗan tudun ciyawa, ya buga, ƙasa ta tashi kamar an sari dankali. Cewa yake a sauran filin ba a kafa tsinke, to don me zai koya wa hannunsa abu biyu, kuma duk ranar da ya kafa, ƙwallon tashi take sama ta faɗa ruwa.

"Tsayi kake ba shi kamar za ka ɗaure akuya," in ji Likita. "Laifin hannunka ne, ba na tsinke ba."

Wata rana suka kira Kawu ya raba gardamar. Ya ajiye bokiti ya cire hula.

"Ranku ya daɗe, ni ciyawa nake yi wa aiki. Amma wanda aka ba kujera ya ce shi a ƙasa zai zauna, ai ba a hana shi. Sai dai wando ne zai faɗi gaskiya."

Likita ya yi dariya har da tari. Injiniya ya ce an haɗa baki.

Abin ya fara ne a shekararsa ta ashirin da biyar a wurin. Ranar Litinin ake rufe filin don gyara, ba mai wasa, ba mai ɗaukar jaka, sai ma'aikata. Bayan azahar Kawu ya gama cike dandamalin rami na bakwai tsaf, ya tafi ɗauko tiyo a gindin famfo, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. Da ya dawo sai ya tarar da sabon sara a tsakiyar inda ya gyara. Ƙasar cikinsa da danshi. Ɓallen ciyawar yana can gaba kamar taku shida, saiwarsa a sama.

Ya duba gabas ya duba yamma. Fili ne fetal, ba inda mutum zai ɓuya, itatuwan ma suna da nisa. Can ƙetaren tafki, a bakin lallausar ciyawar da ke kewaye da tuta, wadda ma'aikata ke kira darduma, ya hangi ƙwallo.

Ya durƙusa ya karanta saran. Mai buga da dama, saransa yakan ɗan karkata hagu da tuta. Wannan dama ya karkata. Sawun ƙafafun ma a ɗaya gefen suke. Bahago ne ya buga, alhali a duk masu zuwa filin babu bahago ko ɗaya. Kuma ba takalmin wasa mai haƙora ba ne, takalmin roba ne mai dogon wuya irin na ma'aikata. A dunduniyar hagu akwai shatin faci. Kawu ya ɗaga tasa ƙafar hagun ya dubi facin da mai gyaran taya ya liƙa masa watanni biyu da suka wuce. Ya daɗe a tsaye, sannan ya saka ƙafafunsa a cikin sawun. Ko ɗan yatsa bai rage ba.

Ya zagaya ya ɗauko ƙwallon. Tsohuwa ce, ta yi rawaya, a jiƙe, tana warin taɓon tafki. Ya jefa ta ruwa, ya cike saran, ya ci gaba da ban ruwa.

Da yamma ya gaya wa Inna. Gidanmu yana jikin nasu, ina tsakar gidan ina taya ta ninke wanki, da kunnena na ji.

"To ai kai ne bahagon," ta ce. "Ka yi shekaru kana kallon masu kuɗi suna bugawa, yau ka saci jiki ka gwada, shi ne za ka zo mana da labari."

"Da wace sandar?"

Ta ci gaba da ninki.

Litinin ta zagayo, haka aka sake yi. Wadda ta biyo ma haka. Ya canza takalmi, ya ari na Dogo, direban tarakta, wanda ƙafarsa ta kusa ninka tasa. Ranar sawun ya fito ƙato, irin na takalmin Dogo. Ya tsaga wa ƙwallon alama da wuƙa kafin ya jefa ta tsakiyar tafki. Mako na gaba ga ta a kan darduma, da tsagarta, ruwa na ɗiga.

Sai ya yanke shawarar zai zauna ya gani. Ya zauna a bencin da ke gefen dandamali tun daga azahar, ido a kan ciyawa. Rana tsaka, ba iska, tuta a sanƙame. Ya ce abin da ya fara lura da shi shi ne balbelun bakin tafki sun daina kiwo, duk sun ɗaga kai suna duban wuri ɗaya, wurin da ba kowa. Ya yi awa guda bai motsa ba. Ƙishi ya dame shi, ya sunkuya ya ɗauki gorar ruwa a ƙarƙashin benci. Kansa na ƙasa ya ji ƙas, tsaftataccen sauti, irin wanda a shekara bai fi ya ji sau goma ba daga hannun ƙwararru. Da ya ɗago, ɓallen ciyawa yana saukowa ƙasa.

Wani abu kuma da Inna ta fi shi damuwa da shi: kowane mako ƙwallon tana ƙara matsawa kusa da rami. Da farko bakin darduma. Daga baya taku goma. Daga baya bakwai. Ta daina zolayarsa. Ta sa aka yi masa addu'a, ta ce ya nemi a canza masa wurin aiki. Ya ce idan ya bar wurin wa zai cike saran, tunda ba wanda ya san da shi.

Ramewar da ya yi ce ta sa Likita ya tsare shi wata Asabar a bayan rami na bakwai, bayan Injiniya ya yi gaba. Kawu ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya faɗa masa. Likita bai yi dariya ba. Ya tambaye shi ko yakan ji wani baƙon wari kafin abin ya faru, ko ya taɓa duba agogo ya ga lokaci ya tsallake, ko yakan tsinci kansa a wuri bai san yadda ya zo ba. Ya ce akwai ciwon da ke ɗauke mutum na ɗan lokaci, ya yi abu da hannunsa bai sani ba. Ya kai shi asibitinsa aka yi gwaje-gwaje, har da wanda ake liƙa wa mutum wayoyi a ka. Ba a ga komai ba, sai jini da ya ɗan hau.

"To zan zo in gani da idona," in ji Likita.

Ya zo ranar Litinin da kayan gida, ba jaka, ba sanda. Suka zauna a benci, ya kama wuyan hannun Kawu na hagu kamar mai auna bugun jini, bai saki ba. Suka zuba wa ciyawar ido. Balbelu suka ɗaga kai. Can Dogo ya danna hon ɗin tarakta a bayansu yana gaisuwa, su biyun suka waiga tare.

Ƙas.

Hannun Kawu yana cikin na Likita. Ga sara, ga sawu, ga ƙwallo can taku huɗu daga tuta tana gangarawa a hankali kafin ta tsaya.

Bayan shekaru, da bakinsa Likita ya gaya mini wani abu da bai gaya wa Kawu ba. Ya ce bugun jinin Kawu ko kaɗan bai canza ba, nasa ne ya rikice. Amma daidai lokacin da sautin ya fito, ya ji jijiyoyin wuyan hannun sun ɗaure a ƙarƙashin yatsunsa, kamar na mutumin da ya damƙe sanda, sannan suka saki.

A ranar dai Likita tashi ya yi ya je ya tsaya a kan saran, hannu a baya. Ya daɗe.

"Ya iya," ya ce a hankali. "Wallahi ya iya. Sai dai irin Injiniya ne, ba ya kafa tsinke."

"Shi ne abin da ke damuna, ranka ya daɗe. Wuri ɗaya yake sara. Ciyawar ba ta samun ta tofo."

Likita ya juyo ya dube shi. Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro farin tsinke ya miƙa masa.

"Gwada ba shi wannan. Kada ka ba shi tsayi."

Litinin ta gaba Kawu ya cike wurin, ya kafa tsinken, ya danna shi har kansa kawai ya rage. Ya ce ya ji kunya kamar mai ajiye wa bango abinci. Ya juya baya ya tafi gindin famfo. Yana kwance tiyo ya ji sautin. Da ya dawo, tsinken ya karye gida biyu, ciyawar kuwa an ɗan shafe ta ne kawai a gaba, kamar an goga mata reza. Babu abin cikewa.

Ranar ya dawo gida da fara'a, har ya sayo wa Inna lemo a hanya.

"Ya karɓa," ya ce.

"Wa ya karɓa? Malam, ka ji abin da kake faɗa kuwa?"

"Ko wane ne, yana jin magana. Akwai masu rai da na yi shekara ashirin ina roƙo ba su ji ba."

Tun daga nan kowace Litinin bayan azahar yana kafa tsinke a rami na bakwai ya ba da baya. Dogo ya sani, Likita ya sani, mu mun sani. Manaja bai taɓa ji ba. Injiniya ma bai ji ba, sai dai Likita ya samu sabon makami a gardamarsu. Yakan ce masa, "Na san wanda ya ninka ka iyawa, kuma ya karɓi tsinke." In ya tambayi wane ne, sai Likita ya ce ba ya zuwa ranar da suke zuwa.

Ƙwallon ta ci gaba da matsowa. Taku biyu, kamu ɗaya, tafin hannu. Inna ta saka a ranta cewa ranar da ta faɗa ramin, ranar za a kawo mata gawar mijinta. Ba ta faɗa masa ba, ni ta faɗa wa. Duk Litinin takan kasa zama, ta share tsakar gida sau uku, ta leƙa titi.

Wata Litinin da damina ya dawo da wuri, ya jingine keke, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki yana cire takalmi.

"Yau ta faɗa," ya ce.

Inna ta zauna a inda take tsaye, a kan siminti. Ta fara kuka ba sauti. Ya dube ta, ya dube ni.

"Me aka yi mata?"

Ya ci abincinsa, ya nemi ƙari, ya saurari labarai a rediyo. Washegari ya tafi aiki. Litinin da ta biyo baya ƙwallon ta sauka can bakin darduma, kamar ranar farko, Kawu ya ce ai haka wasan yake, ba a faɗawa kullum. Inna ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, shi kuwa har ya rasu bai san laifinsa ba.

Shekara shida ya yi a haka, gwiwoyinsa suka gaji da durƙuso, ya ajiye aiki. Masu wasa suka shirya masa 'yar walima wata Asabar, muka je da Inna. Likita ya sa an nemo sandar bahago takanas daga wani gari, aka ce yau dai sai Kawu ya buga ƙwallo ɗaya kafin ya tafi. Aka ɗunguma zuwa rami na bakwai, mutum kusan talatin, ana raha. Injiniya yana cewa ya jefar da ita ƙasa ya buga kamar namiji. Kawu ya karɓi tsinke ya kafa, ya ɗora sabuwar ƙwallo. Ya karɓi sandar. Yadda ya riƙe ta ya sa surutu ya ragu, don ba riƙon ɗan koyo ba ne.

Ya taka zai tsaya a dama da ƙwallon, sai ya dakata da ƙafa ɗaya a sama. Ya mayar da ita baya. Ya ɗan rusuna, irin rusunawar da mutum ke yi in ya kusa taka wa babba tabarma.

"Ranka ya daɗe, akwai mutum a wurin," ya ce wa Likita, ya miƙa masa sandar.

Mutane suka yi dariya, suka ɗauka barkwancinsa ne. Likita bai yi ba. Ya sunkuya ya ɗauke ƙwallon, ya bar tsinken, ya ce rana ta yi zafi, a koma inuwa a sha lemo.

Dogo ne ya karɓi dandamalan, don shi ma ya gaji da girgizar tarakta. Kawu ya koma zaman gida. Ya shuka ciyawa a wani lungu na tsakar gida da bai fi faɗin tabarma biyu ba, yana aske ta da almakashin ɗinkin Inna, suna faɗa a kai. Na taɓa tambayarsa ko a ganinsa wane ne mai bugun.

"Ban tambaye shi ba, ɗiyata. Shi ma bai taɓa tambayata ba."

Bayan kamar wata huɗu, Dogo ya zo gaishe shi da la'asar. Aka shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa. Suka taɓa hirar filin, wane ya daina zuwa, an sayi sabon injin yankan ciyawa. Sai Dogo ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ina kafawa kamar yadda ka ce. Yana karyawa. Amma sawun ya canza."

"Naka ne yanzu?"

"A'a. Silifa ne. Na hagun ya cinye ta waje."

Silifan Kawu suna ajiye a bakin tabarma. Mu ukun muka dube su. Dogo ya ɗauke kai ya sha ruwa.

"Tana kaiwa darduma?" in ji Kawu.

"Wani lokaci. Sau biyu ta faɗa tafki."

Kawu ya jinjina kai, yana murza gwiwarsa.

"Ka matso masa da tsinken gaba, bakin dandamali. Ka ɗan ƙara masa tsayi kaɗan, kaurin ƙwayar shinkafa. Ƙarfi ya ragu."

Ya ƙara shekara huɗu a duniya. Ya rasu wata Alhamis da hantsi, a kan kujerarsa, bayan gajeriyar jinya. Mutanen filin sun zo da yawa, har Injiniya, wanda a lokacin da sanda yake dogarawa. Dogo bai samu zuwa ba sai ranar Talata. Ya yi wa Inna gaisuwa daga bakin ƙofa, ya zauna a gefe shi kaɗai yana juya hularsa a hannu. Na matsa kusa da shi, tambayar abin da ya gani a rami na bakwai ranar Litinin tana bakina. Ya ɗago ya dube ni, na ga shi ma jira yake in yi ta.

Inna ta kira ni daga ɗaki.

"Ke, bar bawan Allah ya huta. Zo ki kai wa baƙi ruwa."

Na tashi na tafi. Kafin in fito da tiren, Dogo ya hau kekensa.